Hawayen 'Yar Jakada Da Tutar Saddam

Ranar 10 ga Oktoba, 1990, wata biyu da 'yan kwanaki bayan sojojin Iraƙi sun mamaye Kuwait, aka gabatar da wata yarinya 'yar shekara 15 a gaban wasu 'yan majalisar Amurka a birnin Washington. Aka ce sunanta Nayirah, aka sakaya sunan mahaifinta, wai don kada a cutar da danginta da ke gida. Tana kuka ta ce da idonta ta ga sojojin Iraƙi sun shiga wani asibiti a Kuwait, sun fiddo jarirai daga kwalaben da ake renon bakwaini, sun yasar da su a ƙasa har suka mutu, sannan suka yi awon gaba da kwalaben.

'Yan uwa, wane mai tausayi ne zai ji wannan zuciyarsa ba ta tafasa ba? Gidajen talabijin suka yi ta nuna hawayen yarinyar. Shugaba George Bush babba ya dinga maimaita labarin a jawabansa. Hatta ƙungiyar Amnesty International ta sa shi a rahotonta na Disambar 1990, ta ce jarirai sama da 300 ne. Ranar 12 ga Janairu, 1991, Majalisar Dattawan Amurka ta amince a tafi yaƙi da ƙuri'a 52, masu adawa 47, kuma wasu sanatocin da jariran nan suka kafa hujja. Da mutum uku kacal sun sauya ra'ayi, da ƙudurin ya faɗi. Bayan kwana biyar aka fara yi wa Bagadaza ruwan bama-bamai.

Sai a Janairun 1992, an gama yaƙi an binne matattu, wani ɗan jarida mai suna John MacArthur ya tona asiri: ashe yarinyar 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka. Wani kamfanin tallata mutane da gyara musu suna, Hill and Knowlton, shi ya shirya yekuwar, a kan kwangila ta sama da dala miliyan 10 wadda kusan dukkanta daga aljihun gwamnatin Kuwait ta fito. Zaman da aka yi ma ba na rantsuwa ba ne. Masu binciken da suka shiga Kuwait bayan yaƙi ba su sami shaidar abin da ta faɗa ba, ita kuma Amnesty ta janye maganarta.

Kada a fahimce mu a karkace. Sojojin Iraƙi sun yi kisa a Kuwait, sun azabtar, sun yi wasoso. To amma wannan bai isa ya sa uwa a Amurka ta yarda a tura ɗanta sahara ba, don miki na yaƙin Biyetnam bai gama warkewa ba. Ana buƙatar labarin da zai sa mutum ya ji kunyar yin tambaya, shi ne aka ƙera shi.

Da wuta ta kama kuwa, sai aka ɗauko gangar kishin ƙasa. Aka ɗaura ƙyallaye masu ruwan ɗorawa a bishiyoyi da ƙofofin gidaje, aka ce a mara wa yaranmu baya, kamar dai wanda ya ce kada a tura su su mutu shi ne maƙiyinsu. 'Yan jarida aka haɗa su rukuni-rukuni, soja ke raka su, soja ke duba abin da suka rubuta kafin ya fita. Aka hana ɗaukar hoton akwatunan gawar sojoji a sansanin Dover, hanin da ba a ɗage ba sai 2009. Kullum janar-janar na nuna hoton bam yana faɗawa daidai kan gini, alhali irin waɗannan bama-bamai masu saiti ba su kai kashi 10 cikin 100 na abin da aka zuba ba. Ranar 13 ga Fabrairu, 1991, biyu daga cikin masu saitin suka huda wata mafaka a unguwar Amiriyya ta Bagadaza, mutum sama da 400 suka ƙone, akasarinsu mata da yara. Amurka ta ce cibiyar soja ce. Peter Arnett na CNN, wanda ya tsaya a Bagadaza yana aiko da abin da ya gani, wani sanata ya kira shi mai goyon bayan abokan gaba.

Yanzu bari mu taɓa namu, ko da zai yi ɗaci. A watan Janairun nan dai Saddam Husaini, ɗan jam'iyyar Ba'as, ya sa aka rubuta kabbara a tutar Iraƙi, ya kira yaƙin uwar yaƙe-yaƙe. A Kano da sauran garuruwanmu aka yi ta liƙa hotonsa a shaguna da motocin haya, aka raɗa wa jarirai sunansa. Mutumin da a 1988 ya kashe Kurdawa Musulmi kimanin 5,000 da iska mai guba a Halabja, lokacin da Amurka ke ɗasawa da shi saboda yana yaƙar Iran! Faɗan ƙasa awa 100 ya ɗauka, sojojinsa suka watse, amma Rediyon Bagadaza ya ce an yi nasara. A watan Maris kuma tankokinsa suka juya kan mutanen Karbala da Najaf da suka yi masa bore, ƙarƙashin wannan tuta mai kabbara. Su can an kama su da tuta da jarirai, mu nan an kama mu da kalmar da muka fi ƙauna.

Saboda haka, ɗan uwa, yau da bidiyon yaƙi ke iske ka a wayarka kafin ka gama alwala, idan ka ji jininka ya hau, nan ne wurin tsayawa. Wa ya ɗauka? A wane gari, a wace shekara? Wa ya biya kuɗin yaɗa shi, kuma me yake so ka yi bayan ka kalla? Wanda ya zo daga ɓangaren da kake so ma, ka yi masa waɗannan tambayoyin, don shi ne ba za ka so ka yi wa ba.

Shekara 12 bayan Nayirah aka sake buga gangar. Ranar 5 ga Fabrairu, 2003, Colin Powell ya ɗaga wata 'yar kwalba a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ce Iraƙi na ɓoye makaman ƙare-dangi. Aka mamaye ƙasar ranar 20 ga Maris, aka bincika lungu da saƙo, ba a ga makaman ba. Jaridar New York Times, wadda ta yi watanni tana buga labarin makaman a shafin farko, ta amsa kuskurenta ranar 26 ga Mayu, 2004, a shafi na 10.