Waƙar cin mutunci a filin ƙwallo: shin kurkuku ne maganinta?

A ranar 2 ga Fabrairun 2025 aka daɓa wa wani sanannen mai goyon bayan Asante Kotoko wuƙa har lahira a garin Nsoatre, yayin wasan ƙungiyarsa da Nsoatreman. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Gana ta dakatar da gasar firimiya na tsawon makonni. Kisan ya sake tayar da tsohuwar tambaya: tunda faɗa daga baki yake somawa, shin ya kamata a riƙa ɗaure masu waƙoƙin zagin addini ko ƙabila a filin wasa tun kafin a kai ga zare wuƙa?

Mutanen Nima da Maamobi suna da dalilin sa kunne. Su ne kan gaba wajen cika filin wasa na Accra, kuma daga Nima Mohammed Kudus ya fito. Haka nan sun san zafin a kira mutum baƙo a ƙasar da aka haifi kakansa, musamman tun bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969, wadda ta ɗaiɗaita gidaje da dama a Zango.

Yankin Sikotland na Birtaniya ya riga ya gwada wannan magani. A birnin Gilasgo, baƙin haure 'yan Katolika daga Ayaland ne suka kafa ƙungiyar Celtic domin tallafa wa talakawan unguwarsu, ita kuwa Rangers ta zama ta 'yan Furotestan. An shafe fiye da shekaru ɗari magoya bayansu suna jifan juna da waƙoƙin gaba. Abin ya kai maƙura a 2011, lokacin da aka aika wa kocin Celtic, Neil Lennon, ƙunshin bam ta gidan waya. A ƙarshen shekarar majalisar yankin ta zartar da doka ta musamman kan munanan ɗabi'u a wasan ƙwallo, wadda ta fara aiki a Maris na 2012, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara 5.

Dokar ba ta yi tsawon rai ba. Lauyoyi sun koka cewa ba ta fayyace abin da ake nufi da cin fuska ba, sai ta bar wa ɗan sanda ya yanke a nan take. Magoya baya kuma suka ce an ware su ne kawai, domin dokar ta shafi masu zuwa kallon ƙwallo ne ban da sauran jama'a. Dangantaka ta yi tsami tsakanin matasa da 'yan sanda, waƙoƙin kuwa ba su daina ba. A Maris na 2018 majalisar ta soke dokar da ƙuri'a 62 a kan 60.

Masu goyon bayan ɗauri su ma suna da hujja mai ƙarfi. A Afrilun 2017 Sulley Muntari, yana taka wa Pescara leda a Italiya, ya kai ƙarar masu yi masa ihun wariyar launin fata a filin Cagliari, sai alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi, shi kuma ya fice daga filin. Wannan ya nuna yadda hukumomin wasa kan kasa kare wanda aka zalunta idan aka bar musu lamarin su kaɗai. A Yunin 2024 wata kotu a Sifaniya ta yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata 8 kan zagin Vinicius Junior, tare da hana su shiga filin wasa shekara 2. Sai dai a can an gano mutum uku ne takamaimai, da hujjar bidiyo.

A Gana lamarin ya sha bamban. Gabar Hearts of Oak da Kotoko ta gari da gari ce, Accra da Kumasi, wani lokaci da ƙamshin ƙabilanci da siyasa. Kowace ƙungiya tana da Musulmi da Kirista, kuma a gida ɗaya a Zango ana samun wa yana Hearts, ƙane yana Kotoko. Ban da haka, ƙasar ba ta rasa doka ba. Sashe na 207 na dokar manyan laifuffuka ta 1960 ya riga ya haramta kalaman barazana ko zagi a bainar jama'a waɗanda za su iya tayar da zaune tsaye. Masu kare haƙƙin ɗan Adam ma sun daɗe suna ƙorafin cewa ana amfani da shi wajen kama masu sukar gwamnati, duk da cewa Gana ta soke dokar ɗauri kan ɓata suna tun 2001.

Tambayar da ta fi damun Zango ita ce wa za a kama. Idan dubban mutane suka ɗauki waƙa ɗaya, ɗan sanda ba zai kwashe su duka ba, zaɓa zai yi. Matashin da ba shi da lauya, kuma unguwarsa ta riga ta yi ƙaurin suna a idon hukuma, shi ne zai fi saurin tsintar kansa a gidan yarin Nsawam, wanda dama cunkoso ya yi masa katutu.

Tarihi ma yana jan kunne. A ranar 9 ga Mayun 2001, bayan Hearts ta ci Kotoko 2 da 1 a Accra, wasu magoya baya suka fara jifa da kujeru. 'Yan sanda suka harba hayaƙi mai sa hawaye cikin jama'a alhali ƙofofi na rufe. Fiye da mutum 120 suka mutu a turmutsitsi, da dama daga cikinsu 'yan Zango ne, abin da ya sa fusatattun matasa suka far wa ofishin 'yan sanda na Nima. Kwamitin bincike na Sam Okudzeto ya ɗora laifi a kan 'yan sanda, amma kotu ta sallami jami'an da aka gurfanar. Duk dokar da za ta tura 'yan sanda cikin taron 'yan kallo su kamo mawaƙi dole ta tuna da wannan rana.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a bambanta laifuffuka. Wanda ya yi barazanar kisa, ko ya tunzura jama'a su afka wa wani saboda addininsa ko ƙabilarsa, kotu ta hukunta shi da dokar da ake da ita, har da ɗauri idan hujja ta tabbata. Waƙar cin mutunci kuwa a bi ta da hana shiga filin wasa, da tarar ƙungiya, da rage mata maki, da buga wasa ba 'yan kallo. Idan ƙungiya ta san bakin magoya bayanta zai jawo mata asarar maki, shugabannin magoya bayan da kansu za su tsawata.

Sauran aikin na cikin unguwa ne. Sarakunan Zango da limamai da masu horar da yara a ƙananan ƙungiyoyi sun fi ɗan sanda sanin waɗanda ke ba da waƙa. Kuma suna da abin koyi a gida: a 2019 babban limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Accra lokacin Ista, a daidai cikarsa shekara 100. Irin wannan tarbiyya ce ta hana gabar ƙwallo a Gana rikiɗewa zuwa ta addini, kuma ita ya kamata a fara ƙarfafawa kafin a je majalisa neman sabuwar dokar ɗauri.