Shirin Suna Ya Riga Shirin Naƙuda

Idan ciki ya tsufa a gidan Bahaushe, hidima takan tashi. Miji ya shiga neman ragon suna da itacen wankan jego, uwar mai ciki ta tanadi gero da kanwa na kunu, dangi su fara haɗa kayan barka. Kusan duk wannan tanadi na bayan an sauka ne. Daren naƙuda kansa, wanda shi zai nuna ko suna za a yi ko zaman makoki, ba kasafai ake zama a tsara shi ba.

Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma a Arewa maso Yamma kusan kashi 16 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti. Tun 1994 masu bincike Thaddeus da Maine suka kasa musabbabin irin wannan mutuwa zuwa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da na isa asibiti, da na samun kulawa bayan an isa. Na ukun yana wuyan hukuma, kuma an sha faɗa mata. Na farko da na biyu kuwa a cikin gida suke farawa, kuma a makonnin ƙarshe ne ake iya rage su.

A dubi goyon ciki. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta tun wajen wata na bakwai, kuma al'adar tana da alheri: ta huta da aikin gidan miji, ta samu uwa a kusa da ita. Sai dai komawar takan raba ta da asibitin da take zuwa awo, wani lokaci har katin a bar shi a ƙasan akwati. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne izini. Idan naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa cikin dare, mahaifi yakan ji nauyin ɗaukar matar wani zuwa asibiti, balle a ce a sa hannu a yi mata aiki, miji kuwa yana wani gari ko ya tafi cirani. Awoyin da za a ɓata ana neman sa a waya su ne awoyin da ake buƙata. Kamata ya yi ranar da ya rako ta gida ya furta izininsa a gaban surukansa, ya faɗi asibitin da za a kai ta, ya damƙa kuɗin mota a hannun uwarta.

Kunya ma tana da nata rabon. An horar da mace cewa jaruma ba ta raki, don haka takan ɓoye ciwo har sai ya fi ƙarfinta. Ungozomar gargajiya kuma, a bisa asalin aikinta, takan zo ne don yanke cibi da binne mabiyiya, ba don lura da tafiyar naƙuda ba. Idan haihuwa ta tsaya sai a ce zaƙi ne, a yi ta ɗirka mata jiƙo, ko a ce gishiri ne a kira wanzami. Alhali sau da yawa kan jariri ne ya kasa wuce ƙugu. Matan da ke jiran aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, akasarinsu doguwar naƙuda ce ta kai su can.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, biyar daga ciki daga mako na 30 zuwa na 40, wato daidai lokacin da mata da yawa ke daina zuwa saboda nauyin jiki. A wannan tsakani ne hawan jini ke yin ɓarna. Matsanancin ciwon kai, da kumburin fuska da hannaye, da gani dishi-dishi, alamu ne da ke gabatar jijjiga, wadda ake yawan ɗauka bugun iska ce a tsaya hayaƙi, alhali akwai allurar da ke tsayar da ita. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Bayanin waɗannan alamu bai kamata ya tsaya ga mai cikin ba, domin ranar da suka bayyana ba ita za ta yanke shawara ba. Uwarta da uwar mijinta da mijin su ya kamata a zaunar.

Wasu na ganin tanadin jini da mota tamkar kiran masifa ne, ko raunin tawakkali. Amma ba a taɓa zargin wanda ya sayi rago tun kafin haihuwa da gaggawa ba, ko da yake shi ma bai san abin da Allah zai yi ba. A wasu jihohin Arewa an horar da direbobin ƙungiyar NURTW su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Inda babu wannan tsari, ana iya yin magana da mai mota ɗaya a unguwa tun a mako na 36, a rubuta lambarsa a bayan katin awo tare da sunan ɗan'uwan da ya yarda ya ba da jini. Idan watan haihuwa ya faɗo cikin damina kuma akwai rafi tsakanin ƙauye da asibiti, gara ta tare a gidan dangi na cikin gari tun ruwa bai cika ba.