Civita, Garin da Ruwa Ke Ci ta Ƙarƙashi

Sharhinmu na yau zai kai mu tsakiyar Italiya, lardin Viterbo a yankin Lazio, kimanin kilomita 120 arewa da birnin Rum. A can akwai wani ɗan gari mai suna Civita di Bagnoregio, zaune shi kaɗai a ƙoƙolin tudu, kwari ya kewaye shi ko ta ina. Mota ba ta shiga. Mai son zuwa sai ya taka sayyada bisa wata siririyar gada mai tsawon kimanin mita 300, wadda aka gina a 1965, yana hawa yana haki har Ƙofar Santa Maria, ita kaɗai ta rage cikin ƙofofin garin.

Ciwon wannan gari a ƙarƙashinsa yake. Saman tudun wani dutse ne mai laushi, tokar aman wuta ce da ta daskare tun zamanin da duwatsun kewayen tafkin Bolsena ke tumbuɗi. Ga sauƙin sassaƙa, ga daɗin gini. To amma abin da ke ɗauke da shi yumɓu ne, ragowar gindin tekun da ya taɓa rufe wurin. Rafuka biyu, Rio Chiaro da Rio Torbido, suna bi ta gefe da gefe suna gatsa. Ruwan sama ya sauka, yumɓu ya jiƙe ya sulale, dutsen sama ya rasa madogara, ya tsage, ya rufta kwari da duk abin da ke kansa, ko lambu ne, ko lungu, ko gida.

Mai tambaya zai ce, me ya kai mutane zama a irin wannan wuri? Tsaro ne da fatauci. Al'ummar Etruska ce ta kafa garin fiye da shekaru 2,500 da suka wuce, a kan hanyar da ta haɗa kwarin kogin Tiber da tafkin Bolsena. Abin da ya fi burge ni game da su shi ne, sun gane abokin gabarsu tun farko. Suka fafe magudanai a cikin dutse domin ruwan sama ya samu hanyar wucewa ba tare da ya jiƙa gindin tudun ba. Rumawa da suka gaje su suka ci gaba da aikin. Bayan faɗuwar daular Rum aka yi sakaci da magudanan, aka kuma sare itatuwan gangaren domin noma. Daga nan ruwa ya samu sarari.

Duk da haka garin ya yi zamaninsa. A nan aka haifi Bonaventura a ƙarni na 13, babban malamin Kirista da ya shugabanci ɗariƙar Faransiskan, ya rasu a birnin Lyon a 1274. Gidan da ya tashi a ciki, mafi yawansa ya riga ya faɗa kwari. A 1695 girgizar ƙasa mai ƙarfi ta jijjiga tudun, bayan 'yan shekaru bishop ya ɗauke kujerarsa daga majami'ar San Donato ya koma Bagnoregio, wadda a da unguwa ce kawai a bayan gari. Masu mulki suka bi shi, masu dukiya suka bi su. A 1944 kuma sojojin Jamus da ke ja da baya suka lalata gadar da ta haɗa wuraren biyu. Marubuci Bonaventura Tecchi, ɗan yankin, shi ya laƙaba wa Civita kirarin garin da ke mutuwa.

Yau masu kwana a garin rani da damina ba su kai mutum 20 ba. Amma a 2013 magajin gari Francesco Bigiotti ya sa kuɗin shiga, yuro ɗaya da rabi, wanda daga baya ya kai yuro 5. Maimakon baƙi su ragu sai suka ƙaru, har suka kai wajen miliyan ɗaya a 2019. Injiniyoyi na ɗaure dutsen da ƙarafa da kankare, an kuma buɗe gidan tarihi na musamman kan zaftarewar ƙasa.

Ni ina tare da wannan kuɗin shiga, domin wanda ya zo kallo ya dace ya taimaka wajen riƙe abin kallon. Damuwata ɗaya ce. Gidajen sun koma masaukin baƙi da wuraren cin abinci, da yamma 'yan yawon buɗe ido su tsallake gada su bar garin shiru. To wa zai lura da sabuwar tsaga a bango cikin watan Janairu? Wa zai ga magudanar da ta toshe da daddare? Mazaunin gida ne ke ganin wannan, ba mai ɗaukar hoto ba. A 2021 Italiya ta gabatar da Civita domin shiga jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO. In an amince, baƙi za su ƙara yawa, kuma ina so hukumar Bagnoregio ta ware wani kaso na kuɗin domin iyalan da za su yarda su dawo kan tudun su zauna.

Sai mun sake haɗuwa.