Kan Roba Kafin Kan Mutum



Larabawa suna da karin magana, wai a kan marayu a ke koyon ƙaho. Watau mai koyo ya kan gwada hannunsa a kan wanda ba shi da gata. Ga yadda likitocin hanci su ke maganin wannan.

Bayan hanci akwai waɗansu koguna cikin ƙashi. In sun toshe, magani ya kasa, sai aiki. Likita Messerklinger, mutumin Ostiriya, shi ya share hanyar zura siririn madubi mai fitila ta ƙofar hanci, kaurinsa milimita 4, ba sai an tsaga fuska ba. A 1985 Likita Kennedy ya yaɗa dabarar a Amurka.

To, wurin nan da hatsari. Ƙwaƙwalwa na sama, ido na gefe, ƙashin da ya raba kuwa kamar takarda. In hannu ya goce, mutum na iya makancewa.

Saboda haka yanzu a manyan asibitoci ɗalibi ya kan fara da kan tunkiya, ko kan roba, ko na'urar kwamfuta wadda ke nuna masa cikin hanci, tana ƙidaya kurakuransa. Ya ɓata, ya sake, ba jinin kowa. Sa'an nan ya taɓa mutum, malaminsa na tsaye.

In an ce za a yi wa ɗanka aikin nan, kada kunya ta hana ka tambaya: wa zai riƙe madubin, sau nawa kuma ya yi?

Wasalam.