Sharhi: John Cage da Gadon da Ya Bar wa Kunnuwan Duniya

Babu abin da ma'aikacin gidan rediyo yake tsoro kamar shiru. In daƙiƙa goma suka wuce babu magana babu kiɗa, hankalin injiniya ya tashi ke nan, mai sauraro kuma ya shiga murɗa akwatinsa yana zaton batir ne ya mutu. Amma a watan Janairun 2004, tashar BBC Radio 3 ta watsa shiru da gangan daga zauren Barbican da ke Landan. Ga makaɗa cike da dandali, kowa riƙe da abin kiɗansa, babu wanda ya taɓa nasa. Sai da injiniyoyi suka kashe na'urar gaggawa wadda ke sako kiɗa da kanta in ta ji tasha ta yi tsit. Sunan abin da aka watsa 4'33", wato minti huɗu da daƙiƙa 33, kuma wanda ya tsara shi John Cage ne, Ba'amurken da aka haifa a Los Angeles a 1912, ya rasu a New York a 1992.

Ranar 29 ga Agustan 1952 aka fara gabatar da shi a garin Woodstock na jihar New York. Makaɗin fiyano David Tudor ya zauna, ya rufe murfin fiyanon, ya zuba wa agogo ido. Cage ya ba da labari daga baya cewa a kashi na farko na aikin an ji kaɗawar iska a waje, a na biyu yayyafi a kan rufi, a na uku kuwa gunagunin mutane da takun masu ficewa cikin fushi. Wannan shi ne kiɗan.

Ba raini ya kai Cage ga haka ba. Tun kafin nan ya shiga wani ɗaki a Jami'ar Harvard da aka gina don ya shanye kowane amo. Ya yi zaton zai ji shiru tsantsa, sai ya ji sauti biyu, ɗaya siriri ɗaya mai kauri. Injiniyan wurin ya ce masa daga jikinsa suke fitowa, na jijiyoyinsa da na gudun jininsa. Daga nan Cage ya yanke cewa muddin mutum na raye ba zai taɓa jin shiru na gaskiya ba, akwai dai sautin da aka yi niyya da wanda ba a yi niyya ba. Sauran rayuwarsa ya yi ta ne yana buɗe wa na biyun ƙofa.

Dama can mutum ne mai ƙirƙira. A 1940, a birnin Seattle, 'yar rawa Syvilla Fort ta nemi kiɗa irin na ganguna, dandalin kuwa ba ya ɗaukar komai sai fiyano ɗaya. Cage ya cusa kusoshi da noti a tsakanin tsirkiyoyin fiyanon, sai amonsa ya rikiɗe ya koma na ƙarafa da ganguna, kamar yadda mai garaya ke maƙala ɗan ƙarfe a wuyanta don sautin ya yi kauri. Har gobe makaɗa na yin wannan dabara, daga masu kiɗan jaz zuwa masu kiɗan fina-finai. A 1951 kuma ya tsara wani kiɗa da akwatunan rediyo 12 da mutum 24, biyu a kan kowane akwati, ɗaya na murɗa tasha, ɗaya na daidaita ƙara. Duk abin da tashoshin gari ke watsawa a lokacin, shi za a ji.

Inda gadonsa ya fi yaɗo shi ne wajen masu zane da masu rawa. Fararen allunan da Robert Rauschenberg ya shafe da fenti a 1951, babu ɗigon zane a kansu, su suka ƙarfafa wa Cage gwiwar fito da 4'33". Shi da gwanin rawa Merce Cunningham suka ɓullo da tsarin da ake shirya rawa daban, kiɗa daban, su haɗu a dandali. A ƙarshen shekarun 1950 ya koyar a makarantar New School da ke New York, inda ɗalibai irin su Allan Kaprow da George Brecht da Dick Higgins suka fita suka rushe katangar da ke tsakanin zane da wasan kwaikwayo da kiɗa. Nam June Paik, ɗan Koriya da ake kira uban fasahar bidiyo, ya gamu da shi a Darmstadt ta Jamus a 1958, kuma haɗuwar ta sauya masa alƙibla. Brian Eno na Ingila, wanda ya fitar da faifan Music for Airports a 1978, ya sha ambaton Cage cikin waɗanda suka buɗe masa ido.

To, ba kowa ya yarda da shi ba. Malaminsa Arnold Schoenberg ya taɓa gaya masa cewa ba shi da kunnen haɗa sautuka su dace. Abokinsa Pierre Boulez na Faransa ya raba gari da shi saboda barin ƙuri'a ta zaɓa masa sauti. A 1964, lokacin da ƙungiyar New York Philharmonic ta gabatar da aikinsa, jama'a da dama sun tashi sun fice, wasu makaɗan ma suka yi masa zagon ƙasa. Masu sukar suna da abin faɗa, domin da yawa daga masu kwaikwayonsa sun ɗauki sauƙin abin sun bar wahalarsa. Shi Cage watanni ya yi yana jefa kwabbai bisa tsarin tsohon littafin Sinawa, I Ching, kafin ya kammala aikinsa Music of Changes, kuma bai yarda makaɗi ya kauce wa abin da ƙuri'ar ta bayar ba. Son zuciyarsa ya cire daga aikin, horo kuwa yana nan daram.

Wanda ke son ganin yadda ake riƙe da amanarsa yau, sai ya nufi Halberstadt a Jamus. A tsohuwar majami'ar Burchardi ana kaɗa wani aikinsa na 1987, wanda ya ce a kaɗa shi a hankali iyakar iyawa, da ogan, babban abin kiɗan nan mai bututun iska. Masu shirin suka yanke shekara 639, tazarar da ke tsakanin shekarar 2000 da 1361, lokacin da aka ƙera wani shahararren ogan a babbar majami'ar garin. An fara ranar 5 ga Satumban 2001, amma da yake aikin da ɗan dakatawa ya buɗe, ba a ji sautin farko ba sai Fabrairun 2003. Ƙananan buhunan yashi ke danne maɓallan, injin na hura iska dare da rana, kuma sauti ɗaya kan yi watanni ko shekaru kafin a sauya shi. Ranar sauyin, mutane kan yi tururuwa daga ƙasashe daban-daban. Kuɗin kula da aikin kuwa, wani ɓangarensa daga masu ba da gudummawa yake fitowa, kowa an kafa masa allo a bangon majami'ar mai ɗauke da shekara ɗaya cikin shekarun da za a bi har zuwa 2640.