Motar Lantarki: Wuta Tukuna

A ƙasashen Turai da Sin ana ta muhawara a kan motar lantarki. Masu yabonta sun ce ba ta fid da hayaƙi. Masu suka kuwa sun ce ƙera batirinta yana cin makamashi mai yawa, kuma galibin ma'adinin kobal daga Kongo ake haƙo shi. Gaskiyar magana ita ce, tsabtar motar tana bin tsabtar wutar da aka ɗura mata.

Wannan batu ya shafi Matamaye. Jama'a ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ta ba sai Maris na 2024. Ɗan kabu-kabun da ya dogara da caji a irin wannan hali, da me zai ci da iyalinsa?

Saboda haka ya kamata hukuma ta fara da hasken rana, kamar tashar Malbaza ta 2018. A kafa wuraren caji a tasha da kasuwa, a zaɓo babura masu jure zafi da ƙura, a koya wa makanikai gyaransu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.