Bayan Ƙararrawar Tashi, Me Ya Rage Wa Ɗalibin Ƙauye?

Duk lokacin da aka zauna zancen taɓarɓarewar ilimi a Arewa, abubuwa uku ne ke fitowa daga bakin mahukunta da masana: ƙarancin azuzuwa, ƙarancin malamai da faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO. Babu mai musun waɗannan. Amma akwai wani gurbi da ya rufta shiru-shiru ba tare da an yi masa ko jaje ba, wato ƙungiyoyin ɗalibai da wasannin da a da suke raya makaranta bayan an fita aji. A yau, a yawancin ƙananan sakandaren jeka-ka-dawo na karkara, da zarar an buga ƙararrawar tashi wajen azahar sai malami ya hau babur ɗinsa ya nufi gari, yara su watse, awaki su gaji filin ƙwallo. Ra'ayina shi ne wannan asara ce babba, kuma ɗan talakan ƙauye ne ya fi kowa ɗanɗana kuɗarta.

Mu waiwayi baya kaɗan. Manyan da muke tinƙaho da su ba a cikin aji kawai aka ƙera su ba. Malam Aminu Kano, a lokacin da yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi cikin shekarun 1940, da wasan kwaikwayo ya riƙa farkar da ɗalibansa, yana rubutawa suna fitowa suna nunawa. A garin ne kuma shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka goge a zauren muhawara, kafin a san su a fagen siyasa. Sardauna Ahmadu Bello, har ya zama Firimiya bai daina buga ƙwallon bangon nan da ake dukanta da tafin hannu ba, wadda ya saba da ita tun yana ɗan makaranta. Hatta masana'antar finafinan Hausa, wadda dubban matasa ke cin abinci a cikinta, daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa ta tsiro, har aka kai ga fim ɗin Turmin Danya a 1990.

Duk wanda ya yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda mako yake cike: ranar muhawara da kacici-kacici, ranar ƙungiyar manoma matasa, ranar 'yan sikawut da masu ba da agajin gaggawa, taron ƙungiyar ɗalibai Musulmi wadda aka kafa tun 1954, ga allon labarai da 'yan jaridar makaranta ke liƙa wa rubutunsu, ga gasar wasanni ta gida-gida da ake ɗaura ɗamararta tun farkon zango. A zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976 kuwa, gonar makaranta abin alfahari ce. A nan yaro ke koyon tsayawa gaban jama'a ya yi magana ƙafarsa ba ta rawa, ya riƙe kuɗin ƙungiya ya ba da lissafi, a kayar da shi ya miƙa hannu a gaisa. Babu wata takardar jarrabawa da ke auna waɗannan, amma rayuwa tana tambayarsu kullum.

To me ya kashe su? Na farko, makarantun sun yawaita amma ba su zauna da gindinsu ba. Tun daga shirin ilimin bai-ɗaya na UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ƙananan sakandare sun bazu har lunguna, wanda abin yabo ne. Sai dai da yawansu ba su da gidajen malamai, kuma malamin da ke tafiyar kilomita ashirin ko talatin kullum ba zai tsaya koyar da muhawara da la'asar ba. Na biyu, inda aka ce ilimi kyauta ne aka hana shugabannin makarantu karɓar ko sisi daga iyaye, sau da yawa ba a maye gurbin da kuɗin gudanarwa masu isa ba; wanda ke neman kuɗin alli ba zai sayi ƙwallo ba. Na uku, mun mai da sakamakon jarrabawa shi ne ma'aunin komai, har ana ganin duk abin da ba ya fitowa a takarda shiririta ne.

Na huɗu kuma mafi ɗaci shi ne rashin tsaro. Sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, ya sa gwamnatoci da dama suka rufe makarantun kwana na karkara ko suka mai da su na jeka-ka-dawo. Harin Kuriga na Maris 2024 kuma ya nuna cewa ko na jeka-ka-dawon ba su tsira ba. Uban da ya ce ɗansa ya dawo gida da zarar an tashi ba shi da laifi, haka nan wanda ke jiran yaro ya zo ya kama masa noma da damina, ko uwar da ke jiran 'yarta ta ɗebo ruwa. Duk shawarar da ta rufe ido daga wannan gaskiya ba za ta wuce kan takarda ba.

Saboda haka ba ina kira a dawo da zaman yamma ba ne. Abin da nake nema shi ne ma'aikatun ilimi na jihohi su ware darussa biyu a jere, rana guda a mako, a cikin lokacin makaranta, su zama na ƙungiyoyi, kuma jami'an duba makarantu su riƙa tambayar rajistarsu kamar yadda suke tambayar littafin tsara darasi. Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun bugunta na farko a 1977, ta yi maganar raya hankali da jiki da halin yaro baki ɗaya. Ba sabuwar doka ake bukata ba, aiwatarwa ce.

Ba kuma sai an jira kwangila daga Abuja ba. Langa da kokawa ba sa bukatar komai sai fili da alƙali, kuma dukansu ana fafatawa a kansu a Gasar Wasanni ta Ƙasa. Muhawara tana bukatar benci biyu ne da agogo. A yi ta da Hausa wannan mako, da Turanci mako mai zuwa, domin yaron da bai taɓa buɗe baki ya yi Turanci ba shi ake ajiye wa takardar Turanci a WAEC. Gonar makaranta kuwa, a ƙauye ai kifi ne a ruwa: dagaci ya ba da fili, malamin gona na ƙaramar hukuma ya nuna yadda ake sa taki da adana iri, abin da aka girbe a sayar a sayi ƙwallo da riguna. Masu yi wa ƙasa hidima, inda tsaro ya bari aka tura su, suna da ranar aikin raya al'umma da za a iya amfana da ita. 'Yan mata kuma kada a bar su 'yan kallo. A samar musu malama ko wata dattijuwa da gari ya amince da ita, domin yarinyar da ke da abin da take ɗoki a makaranta ta fi wuyar janyewa daga karatu.

Hasali ma, ƙanƙantar makarantar ƙauye wata dama ce. A makarantar birni mai ɗalibai dubu biyu, goma sha ɗaya ne ke shiga fili, sauran su yi tafi. A makaranta mai yara 150, kowa sai ya samu abin riƙewa: mai tsaron gida a ƙwallo shi ne sakataren ƙungiyar muhawara, shi ne kuma mai ban-ruwa a lambu. Abin da ya rage shi ne shugabannin ƙananan hukumomi su sa kofi guda a shekara tsakanin makarantunsu, kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tsaya a kai, tsofaffin ɗalibai da suka samu wuri a birni su tuna da inda aka yanke musu cibiya, a kuma ba malamin da ya ɗauki nauyin ƙungiya ɗan alawus da la'akari wajen ƙarin girma.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matashin da makaranta ba ta ba shi ƙungiyar shiga ba, akwai masu jiransa da tasu a bakin tasha da cikin daji, kuma mun ga irin abin da suke koyarwa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, Ya tsare mana 'ya'yanmu.